Farautar elk a Amurka: yadda baƙo ke zaɓen dajin da zai shiga

Farautar elk a yammacin Amurka da kaka ake yin ta, daga Satumba zuwa Nuwamba, amma tun cikin hunturu ake yanke wa mutum hukuncin ko zai shiga daji bana ko zai zauna gida. Jihar Wayomin tana rufe karɓar takardun baƙi a ƙarshen Janairu. Arizona ta biyo baya a farkon Fabrairu, Niyu Meziko a tsakiyar Maris, Montana ranar 1 ga Afrilu, Kolorado kuma ranar Talatar farko ta Afrilu. Mutumin da ke zaune a Teksas ko Ohayo sai ya buɗe shafin hukumar namun daji ta jihar da yake so, ya rubuta lambar yanki, ya biya kuɗi, ya koma ya zuba ido. Wata biyar ko fiye ke tsakanin ranar da ya rubuta lambar da ranar da zai taka wurin, kuma galibi wuri ne da bai taɓa gani ba sai a taswira. Hutunsa na shekara, da kuɗin da ya tara, wani lokaci har da jiran shekara goma, duk a kan wannan lambar suke hawa.

Ga wanda bai san dabbar ba, elk babban naman dawa ne. Namiji kan kai kilo 300 ko ya haura, wato ya ɗan ɗara gwanki, mace kuma wajen kilo 230. Namijin ne kaɗai ke da ƙaho, mai rassa, kuma kowace shekara yana zubar da shi ya tsiro sabo. A farkon ƙarni na 20 saura ƙiris a ƙarar da su, don abin da ya rage a ƙasar bai kai 100,000 ba. Yau sun kai wajen miliyan guda. Doka da kuɗin mafarauta ne suka dawo da su: an hana kai naman dawa kasuwa, an ƙayyade adadin da za a harba, kuma tun 1937 dokar Pittman-Robertson ke tura harajin bindigogi da harsasai zuwa hukumomin namun daji na jihohi. Shi ya sa ba wanda ke saɓa bindiga ya faɗa daji haka kawai. Kowace jiha ta yanyanka ƙasarta yanki-yanki, kowane da lambarsa, da ranakun buɗewa da rufewa, da irin makamin da aka yarda da shi, da jinsin dabbar da za a harba. Izini guda, dabba guda.

Baƙo a wannan harka shi ne duk wanda ba mazaunin jihar ba, ko da ɗan Amurka ne kaka da kakanni. Filin na iya zama na gwamnatin tarayya, amma dabbobin da ke kai jiha ce ke riƙe da su amana a madadin mutanenta, kuma tana da ikon fifita nata. An kai maganar har Kotun Ƙoli a shari'ar Baldwin da hukumar namun daji ta Montana. A wancan lokaci ɗan Montana dala 9 yake biya ya harbi elk, baƙo kuwa dole ya sayi lasisin haɗaka na dala 225. A 1978 kotun ta ce jihar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Tun daga nan tazarar ba ta rufe ba. A 2024 ɗan Kolorado bai biya dala 70 ba, baƙo ya biya sama da 800. A Wayomin ɗan gida dala 57, baƙo 692.

Kuɗin ma da sauƙi a kan kaso. Niyu Meziko tana ware wa 'yan jiha kashi 84 cikin 100 na izinin da ake jefa wa ƙuri'a, kashi 10 ga waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da ɗan jagora mai rajista, baƙon da zai shiga da ƙafarsa kuma kashi 6 kacal. Wayomin tana ba baƙi kashi 16 a yankunan da aka ƙayyade. A Arizona da Montana da Aidaho abin da doka ta ce game da irin waɗannan yankuna shi ne kada baƙi su wuce kashi 10, wato iyaka aka sa musu, ba alkawari aka yi musu ba. Kolorado ce mai sakin hannu, kashi 25, sai a yankunan da ake rububi ya sauka zuwa 20.

Saboda haka wanda ya fara da tambayar ina manyan maza suke, ya fara ta baya. Amsarta ba ɓoyayya ba ce, duk mai karanta mujallun farauta ya haddace ta: yankuna na 9 da 10 a Arizona, dajin Gila a Niyu Meziko, yankuna na 2 da 10 da 201 a kusurwar arewa maso yammacin Kolorado. Tambayar da ke da amfani ita ce wane izini ne zai iya shiga hannuna, kuma duk bayan shekara nawa. Amsar wannan kuwa tana cikin yadda kowace jiha ke raba rabo.

Kolorado maki take bi. Duk shekarar da ka nema ba ka samu ba, a rubuta maka maki ɗaya. Idan an zo rabo, a fara daga mai maki mafi yawa a gangaro har izinin ya ƙare. A ido abin ya yi kama da adalci, kowa ya yi haƙuri layi zai zo kansa. Amma mu buga misali. A ce wani yanki yana ba baƙi izini 10 a shekara, kuma mutum 300 masu maki 20 zuwa sama na jiransa. Kai kana da 5. Baɗi kana da 6, su kuma 290 da suka rage kowannensu ya ƙara ɗaya. Tazarar da ke tsakaninku ba ta motsa ba. Ko da ba wanda ya sake shigowa gabanka, sai an yi shekara 30 kafin a sallami waɗancan 300, ba a ma zo kan masu 19 da masu 12 ba. Abin da ake gani a rahoton hukuma shi ne makin da ake buƙata yana hawa kusan kowace shekara. Waɗancan yankuna uku na arewa maso yammacin Kolorado yanzu suna cin maki sama da 25 daga hannun baƙo. Wanda ya fara tarawa bana yana da shekara 40 a duniya, lissafi ya nuna gwiwarsa za ta gaji kafin layin ya iso shi.

Makin kuma ba kyauta ba ne. Tun 2019 Kolorado ba ta karɓar takardar neman izini sai mutum ya fara sayen wani lasisi, mafi araha na ƙananan namun daji, wajen dala 100 ga baƙo, ko da ba zai leƙa jihar ba a shekarar. Wayomin tana sayar da makin elk dala 52. Arizona sai ka sayi lasisin dala 160 kafin a rubuta maka komai. Wanda ke tarawa a jihohi uku ko huɗu yana zuba ɗaruruwan daloli duk shekara yana zaune a falonsa. Akwai kuma illar da ba a cika faɗa ba. Idan makin ya kai goma sha, sai mutum ya fara jin ƙyashin kashe shi a yanki matsakaici, alhali bai kai ga manyan ba, ya maƙale a tsakiya yana biya. Hukumar Kolorado da kanta ta ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta amince daga 2028 a raba izinin biyu, rabi ga masu maki mafi yawa, rabi a jefa ƙuri'ar da maki ke ƙara wa mutum nauyi a cikinta.

Sauran jihohin kowace da nata salon. Wayomin tana ba da kashi 75 bisa maki, kashi 25 kuma ƙuri'a ce zalla, don haka mai maki sifili ma yana da ɗan rabo. Ta kuma raba izinin baƙi gida biyu, kashi 60 a farashin da aka saba, kashi 40 a farashi na musamman da ya koma dala 1,950 a 2024. Izinin iri ɗaya ne sak, ƙarin kuɗin na rage abokan takara ne kawai, kuma ba kowane yanki ne yake ragewa ba, sai an duba alƙaluman bara. A Arizona kashi 20 ake ware wa masu maki mafi yawa, a sauran kuma kowane maki ƙarin ƙuri'a ce a cikin kwando. Niyu Meziko da Aidaho ba ruwansu da maki. Wanda ya nema shekara 20 da wanda ya fara jiya duk ɗaya suke, kuma ni a ganina wannan ya fi yi wa sabon shiga adalci, ko da yake kashi 6 ɗin Niyu Meziko ƙofa ce ƙarama ƙwarai. Montana hawa biyu ce: sai ka fara cin lasisin haɗaka cikin 17,000 da ake ba baƙi, wanda shi kaɗai ya buɗe maka gundumomi masu yawa, sannan in kana son keɓaɓɓen wuri irin kwazazzaban kogin Mizuri sai ka ci wata ƙuri'ar daban.

A da baƙon da ƙuri'a ta ƙi yana da mafaka, ya je shago a Kolorado ya sayi izini kai tsaye. Mafakar tana tsukewa. Daga 2025 baƙon da ke son farautar kwari da baka a yammacin babbar hanyar I-25 dole ya shiga ƙuri'a. Abin da ya rage ana sayarwa kai tsaye shi ne izinin namiji na zango na biyu da na uku na farautar bindiga, wadda aka raba zango-zango na 'yan kwanaki, a yankuna da dama. Aidaho ma ta daɗe tana sayar da izinin baƙi ranar 1 ga Disamba, wanda ya riga shi ne da rabo, dubban mutane a layin intanet tun da safe, amma daga farautar 2026 ta mayar da shi ƙuri'a. Duk izinin da kowa ke iya saya kuwa, kowa na saya. A bakin hanyoyin dajin White River ranar buɗe zango na biyu, tantuna da motoci ne jere, mafarauta sanye da riguna ruwan lemo da doka ta wajabta suna hango juna daga tudu zuwa tudu.

Idan mutum ya tace ya san yankunan da makinsa da aljihunsa za su iya, sai ya koma ga alƙaluman hukuma, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Kowace jiha tana wallafa yawan waɗanda suka yi farauta a kowane yanki da kashi nawa suka yi kisa. Ido yakan tafi kai tsaye ga mafi girman kashi. To amma wannan adadin jimla ce, bai ce a filin wa aka harbi dabbar ba. Yankin da rabinsa gandun kiwo ne na masu shi zai iya nuna kashi 40, saboda masu biyan dubban daloli ana kai su da mota har gefen gonar ciyawa inda garke ke kiwo da asuba, alhali wanda ke fama a filin gwamnati cikin wannan yanki bai ga ko kashin elk mai ɗumi ba. Yanki na 7 a Wayomin, wajen dutsen Laramie, elk sun yi masa yawa har hukuma na neman a rage, amma mafi yawan ƙasarsa ta masu ita ce, kuma da an fara harbi dabbobin sun san inda za su fake. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Sai kuma ƙanƙantar adadi: yankin da ke ba da izini 20 zai iya nuna kashi 60 bana, 30 baɗi, ba tare da wani abu ya canja a dajin ba. Kolorado ma ba kowa take tambaya ba, wasu take tsamowa ta kira ko ta aika musu tambaya, ta yi ƙiyasi. Shi ya sa ba a dogara da shekara guda, sai an jera biyar a duba.

Yawan garke ma yana ruɗi. A Kolorado adadin da ake bayarwa na garke ne baki ɗaya, wanda ke yawo cikin yankuna da dama, kuma cikin hunturu ake leƙa su daga jirgi mai saukar ungulu, lokacin da dusar ƙanƙara ta tara su a ƙasa. Inda aka gan su a Janairu ba nan suke a Satumba ba. Abin da ya fi faɗa maka halin wuri shi ne yawan maza a kan kowace mace 100 bayan an gama farauta. Inda aka saki ƙofa ga kowa sau da yawa adadin yana wajen 20, kuma akasarinsu matasa ne. Inda aka matse izini yakan kai 40. Hukuma ce ke zaɓar wannan da gangan, wani garken a kula da shi don mutane da yawa su samu shiga daji, wani don 'yan kaɗan su samu manyan ƙahoni. Baƙo ya san wanne yake saya.

Sai maganar ƙasa, wadda a wurina ta fi duk alƙaluman nan nauyi. A taswirar da mafarauta ke amfani da ita, kore dajin tarayya ne, rawaya filin hukumar kula da filaye ta tarayya, shuɗi na jiha, fari na masu shi. Manhajoji irin onX suna nuna wa mutum a waya daidai inda ƙafarsa take. Sai dai jin an ce kashi 60 na yanki filin gwamnati ne bai isa ba, tambayar ita ce ta ina ake shigarsa. Fili na iya zama na jama'a amma gandu ya kewaye shi ta ko'ina, hanyar da ke kaiwa kuma da kwaɗo a ƙofarta. Shuɗin ma ba ko'ina yake nufin a shiga ba, don a Kolorado filin amanar jiha a rufe yake sai wanda aka sa cikin shirin buɗe wa jama'a.

Mafi ban mamaki shi ne kudancin Wayomin. A shekarun 1860 gwamnati ta ba kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific ƙasa a gefen layin dogo, mil 20 kowane ɓangare, amma ba a dunƙule ba: murabba'in mil ɗaya na kamfani, na kusa da shi na gwamnati, haka a tsallake-tsallake kamar allon daraf. Gidajen allon da ke hannun gwamnati ba sa haɗuwa da juna sai a kusurwa, a kan ɗigo guda inda masu awo suka kafa ƙarfe. Shekara da shekaru ana ɗaukar cewa wanda ya ɗaga ƙafa daga wannan gida ya sauke a wancan ya keta sararin samaniyar masu gandu. A 2021 wasu mafarauta huɗu daga jihar Mizuri suka zo tsaunin Elk Mountain a gundumar Carbon. Masu gandun sun kafa sanduna biyu na ƙarfe a kusurwar, sun ɗaure da sarƙa. Mutanen nan suka zo da tsani mai ƙafa biyu da aka ƙera don wannan aiki, ƙafa ɗaya a filin gwamnati na nan, ɗaya a na can, suka haura ba su taɓa ƙasar kowa ba. Aka gurfanar da su, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke su a 2022. Kamfanin gandun ya kai ƙarar neman diyya ta miliyoyin daloli, ya faɗi a 2023, ya ɗaukaka, a Maris na 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Goma ta sake ba mafarautan gaskiya bisa wata doka ta 1885 da ta hana killace filin jama'a. Hukuncin ya hau kan Wayomin da Kolorado da Yuta da Niyu Meziko. Montana da Aidaho da Arizona ba sa ƙarƙashin wannan kotu, don haka baƙon da ya gina shirinsa a kan tsallaka kusurwa ya fara duba jihar da yake.

Wayomin tana da wata ƙa'idar da ke kama sababbi. Baƙo ba ya farautar manyan namun daji a ƙungurmin dajin da tarayya ta keɓe sai da ɗan jagora mai lasisi, ko wani ɗan jiha da ya karɓi takardar rakiya, kuma shi ma baƙi biyu kaɗai zai raka a shekara. Wannan baƙon zai iya kwana a dajin, ya kama kifi, ya yi yawonsa shi kaɗai, amma ranar da ya ɗauki izinin elk ya zama wanda ba a yarda ya san hanya ba. Mafarauta da yawa na ganin kasuwar 'yan jagora ake karewa, kuma da wuya a ce sun yi ƙarya. Ko ma mene ne dalili, koren da ke taswirar arewa maso yammacin jihar wani babban ɓangarensa ba naka ba ne, sai ka cire shi kafin ka yi lissafi.

Hanyoyin mota kuwa kaifi biyu ne. Binciken da aka yi tun 1989 a dajin gwaji na Starkey da ke Oregon ya nuna elk suna nesantar hanyar da motoci ke bi. Hukumar dazuzzuka tana fitar da taswirar hanyoyin da ke buɗe da waɗanda aka rufe, kuma mai neman wuri yakan nemi aljihun daji da ke kilomita biyu ko uku daga kowace buɗaɗɗiyar hanya, mai ruwa, mai gangaren da ke fuskantar arewa inda itatuwa suka yi duhu. Sai dai kowa ya karanta wannan, har ta kai ana samun cunkoso a can ciki inda masu dawakai ke kafa sansani. Wani lokaci kwazazzabo mai muni da ke dab da titi, wanda kowa ke wucewa a guje, shi ne ba wanda ya taka.

Kuma duk tazarar da ka shiga, da nama a baya za ka fito ta. A ce ka kayar da namiji da la'asar sakaliya, kilomita 6 daga mota. Ba a jan elk, ba a ma juya shi da sauƙi. A nan inda ya faɗi, sau da yawa a gangare, za ka feɗe shi da fitila a goshi, ka cire cinyoyi da kafaɗu, ka zare naman gadon baya da na wuya, ka zuba a jakunkunan yadi, ka rataye a reshe inda iska ke bi. Tsoka zalla ta kai kilo 90 ko ta fi. Mutum ɗaya kaya huɗu ne a ƙalla in an haɗa da kai da ƙaho, kowane kilo talatin da wani abu, tafiyar kuma ta haura kilomita 40 a jimla. A dazuzzukan da ƙwaro ya kashe itatuwa sun zube sun giggitta juna, kilomita guda na iya cin awa. Idan keɓaɓɓen ƙungurmin daji ne, dokar 1964 ta hana duk wani abu mai taya, har amalanken hannu. A Satumba da rana akwai zafi, nama ba ya jira, kuma barin shi ya lalace laifi ne da ake hukunta mutum a kai. Ga tsayi: birnin Denver kansa mita 1,600 ne daga teku, farautar Satumba a Kolorado kuma tana iya kai mutum mita 3,000 zuwa sama. Wanda ya taso daga bakin teku jiya, ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci za su cinye masa kwana biyun farko, a zangon da wataƙila kwana biyar ne duka.

Lokaci ma yana mayar da yanki guda wurare biyu. A Satumba ake barbara, maza na rangaɗa kira mai kama da busa, ana jin su daga nesa, ana iya yaudarar su da kiran mace. Lokacin na masu kwari da baka ne da masu bindigar ɗuri irin adaka. Daɗin ya fi, amma mai baka sai ya matso kamar mita 40, kuma a yankunan da aka cika shiga kusan mutum ɗaya cikin goma ke komawa da nama. Zuwa ƙarshen Oktoba maza sun yi shiru sun shige duhuwa. A Nuwamba dusar ƙanƙara ce ke da iko: in ta sauka da yawa ta koro garke zuwa kwari, kwarin kuma galibi fari ne a taswira, in ba ta sauka ba su yi zamansu a sama inda motarka ba ta kai. Yankin da filin gwamnatinsa duk a ƙololuwa yake na Satumba ne, ko me alƙaluman Nuwamba suka ce.

Suna kuma yakan daɗe bayan garke ya tafi. Shiyyar Lolo a Aidaho tana da elk wajen 16,000 a 1989, zuwa 2010 sun koma kusan 2,100. Dajin da gobarar farkon ƙarni na 20 ta buɗe ya sake rufewa, abinci ya ragu, hunturun 1996 zuwa 1997 ya yi ɓarna, beyar da zakin dutse na cin 'ya'ya, kyarketan da aka dawo da su jihar a 1995 suka ƙara. Har yau akwai dattijon da zai ce maka Lolo ce gidan elk, kuma gaskiyar zamaninsa yake faɗa. Hunturun 2022 zuwa 2023 ma ya kashe dabbobi da yawa a arewa maso yammacin Kolorado, har hukuma ta zabtare izini ta kuma rage zangon sayen kai tsaye zuwa kwana biyar a yankunan da abin ya shafa. Wanda ya dogara da alƙaluman 2021 ya sha mamaki. Kewayen gandun dajin Yellowstone kuma akwai beyar girizli. A Satumbar 2019 mafarauta huɗu suka ji rauni a hannunsa a tsaunukan Gravelly na Montana. Izini ya fi sauƙin samu a irin waɗannan wurare, kuma ba banza ba.

Duk wannan akwai mutumin da ya san shi, wato masanin dabbobi na hukuma da ke kula da yankin, kuma lambar ofishinsa a fili take. Wanda ya kira ya ce a ina zan samu elk, amsar da aka ba mutum ɗari kafin shi za a ba shi. Wanda ya kira da sunan rafi uku a hannu, ya tambayi wace hanya aka rufe bana, a wane mako dusar ƙanƙara ta saba koro su, ko tumakin makiyaya na nan har Satumba, ko wurin da ya ƙone shekara uku baya ya fara tsiro, shi ake zama a yi wa bayani.

Ni dai da za a nemi shawarata, yankin da za ka iya samu duk shekara ko duk bayan shekara biyu shi ne abin nema, ko da ba ya cikin mujalla. Ɗan gari ba ƙwarewar harbi ya fi ka ba, ya san inda garke ke tsallakawa ne idan an matsa musu, kuma wannan ba ya cikin manhaja, sai an koma wuri guda sau uku ko huɗu. Izinin mace hanya ce da baƙi ke rainawa. A Wayomin akwai mai rahusa na mace ko ɗa, dala 288, ƙuri'arsa daban, ba ya taɓa makinka, namansa kuma ya fi na tsohon namiji taushi. Da shi mutum zai koyi ƙasar yana tara makin namiji a gefe.

Jera zaɓi a fom ma sai an san jihar. Niyu Meziko idan lambarka ta fito tana duba zaɓinka uku a jere kafin ta wuce ga na bayanka, don haka mai wuya ake sa wa farko, mai sauƙi a na uku. Kolorado da Wayomin sai sun gama da zaɓin farko na kowa kafin su waiwayi na biyu, ke nan na biyu ragowa ce, amma cin sa ba ya ƙone maki. A Arizona kowane zaɓi ka ci, makin da ka tara ya tafi. Kolorado kuma ba sunan wuri ake rubutawa ba, lamba ce mai harafi takwas irin EM061O1R: E elk, M namiji, 061 yanki, O1 zango na farko, R bindiga. Wanda ya sa F a gurbin M mace ya nema, in kuma zaɓin farko ne ya fito, makinsa ya bi shi. Hukumar tana yarda a mayar da izini idan da sauran kwana 30 ko fiye kafin buɗe zangon, sai dai abu ɗaya take mayar wa mutum, ko kuɗinsa ko makinsa.